Farin Peugeot na 1975: littafin aiki

9 ga Nuwamba, 2024

Keken ya iso gida. A cikin tulin kekunan Beljiyam na zaro shi, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a jingine su kan juna, na yara da na mata da masu ƙatuwar taya duk a cakuɗe. Fari ne, da layin dara baƙi da fari a sandar da ke ƙarƙashin sirdi, ga zakin Peugeot a goshinsa tsaye kan ƙafafun baya. Mai kayan ya ce ya daɗe a wurinsa, duk wanda ya zo sai ya kalli siririyar tayar da lanƙwasasshen kan ya yi gaba. Ba mu ja ciniki da nisa ba.

Ga halin da na same shi. Tayoyi duk sun farfashe. Sarƙa ta ƙage da tsatsa. Fedar hagu tasa ce ta asali, ta ƙarfe, amma ta dama wata baƙar roba ce da wani ya cusa, har ta ɗan karkace. Ƙarfen sirdi ko motsi ba ya yi. Robobin birki sun bushe. Sirdin fata ne, an buga masa Idéale a gefe, ya bushe amma bai yage ba. Firam kuwa, wanda shi ne abin da na biya kuɗinsa, lafiya lau. Na shafa ƙarƙashin sandunan kusa da wuya ban ji kumburi ko tattarar fenti ba, wato bai taɓa yin karo ta gaba ba. Na ɗaura zare daga ƙafar baya, ya zagaya wuya ya dawo ɗaya gefen, tazarar zaren da sandar sirdi ta zo daidai hagu da dama.

Ba zan kwance komai ba sai na san ko wane keke ne.

12 ga Nuwamba

Na tura hotuna ga wani abokina da ke bin harkar tseren keke, nan take ya kira yana cewa na yi tsintuwa, wai PX-10 ne. Da ma haka ne. PX-10 shi ne keken tseren da Peugeot ta yi suna da shi. Irinsa Tom Simpson ɗan Ingila ke hawa lokacin da ya zama zakaran duniya a 1965, kuma yana ƙungiyar Peugeot ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a tseren Tour de France na 1967. Eddy Merckx ma ya yi 1966 da 1967 a ƙungiyar, ya ci tseren Milan zuwa San Remo a duka shekarun biyu. Shi ya sa duk wanda ya ga farin Peugeot mai lanƙwasasshen kai sai ya kira wannan suna.

Amma keken da kansa ya faɗi abin da yake. A sandarsa akwai ragowar sitikar Reynolds 531, ƙarfen Birmingham da aka fara yi a 1935, kuma ana iya karanta "3 tubes renforcés". Manyan sanduna uku ne kawai aka yi da wannan ƙarfe, fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, da ƙananan sandunan baya na gama-gari ne. Na PX-10 gaba ɗayansa 531 ne, har fok ɗinsa yana ɗauke da tasa sitikar. Na biyu, PX-10 na wancan zamani ana yi masa kurom a rabin fok da kuma ƙarshen sandunan baya. Nawa gaba kawai ke da kurom, baya fenti ne har ƙasa. Waɗannan alamun PR-10 ne, ƙanen PX-10. Ya fi na kasuwa irin su UO-8, masu rim ɗin ƙarfe da hannun feda mai kota, nesa ba kusa ba, amma bai kai yayansa ba.

Shekara kuma a cibiyar ƙafa na samo ta. Ƙirar Normandy ce, kuma bayan na goge dattin sai ga lambar mako da 75. A shekarar ne Bernard Thévenet ya ci Tour de France da rigar Peugeot, ya tare wa Merckx hanyar cin na shida. A shekarar ce kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Yaran gida sai tambaya suke ko masu yin 504 ne suka koma yin keke. Na ce musu keken ya girmi motar: tun 1882 gidan Peugeot ke ƙera keke, zakin ma tun 1858 suka yi masa rajista, lokacin sana'arsu zarto ce da injin niƙa kofi.

17 ga Nuwamba

Na kai shi wurin Baba mai gyara, wanda tun ina makarantar firamare yake ƙarƙashin darbejiyar nan da akwatin sifanunsa. Ya juya keken, ya leƙa gindin feda, ya ce, "Malam, wannan ɗan Faransa ne. Kada ka bar yaran nan su taɓa maka shi." Ya ce a zamanin da mutanen Maraɗi da Damagaram ke shigowa da irinsu ya sha fama da su, ba abin da ke hawa kansu daga kayan kasuwarmu.

Gaskiyarsa. Duk abin da ake sayarwa a wurin 'yan kekuna, na Sin ne ko na Indiya, a kan awon Ingila aka yi shi, da inci. Faransawa da milimita suka yi nasu, kuma abin haushin shi ne bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya gani. Na rubuta su a kwali na manna a bango:

Wuyan kai, milimita 22.0 maimakon 22.2. Tiredin fok, 25 maimakon 25.4. Inda wuya ke riƙe kai, 25.0 maimakon 25.4. Kof ɗin tsakiya, mai riƙe boris ɗin aksul ɗin feda, 35 da tazarar tiredi milimita 1, na Ingila kuwa 34.8 da tiredi 24 a inci guda. Feda, 14 da 1.25, na Ingila 14.3 da 1.27. Firiwil, 34.7 da 1, na Ingila 34.8 da 1.058. Hatta sandunan firam: ta sama 26, sauran biyun 28, inda na Ingila suke 25.4 da 28.6.

Da a ce bambancin babba ne, da ba matsala, abu ya ƙi shiga sai a haƙura. Amma da yake bai kai milimita ɗaya ba, noti zai kama, ya yi zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya fara tauri. A nan yaron shago zai ɗauko dogon bututu ya zura wa sifana, ya ce tsatsa ce. Ta haka tiredin yawancin waɗannan kekuna ya mutu. Baba ya ƙara da cewa Raleigh ma da muka saba da shi yana da nasa taurin kan, tsofaffin na Nottingham tiredi 26 suke da shi a inci, ba 24 ba, sai dai shi kayansa sun cika gari ba wanda ya lura.

Shawarar da muka yanke: duk abin da ke jikin keken na asali za a wanke shi a mayar. Ba za a sayi sabo ba sai abin da ke cinyewa, wato taya, tif, sarƙa, waya, roba da ƙwayoyin boris.

24 ga Nuwamba

An kwance duk abin da ya yarda ya kwantu. Kowane rukuni na gwangwaninsa da kananzir. Wuya ya fito ba gardama. Na wanke shi na duba tsagar da ke ƙasansa a hasken rana, don a ƙarshen tsagar ne wuyan alminiyam na wancan zamani ke fara tsagewa. Ba komai. Duk da haka na sa an huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar, kusurwa mai kaifi ta koma zagaye.

Ƙarfen sirdi yana nan a ƙage. Na kifa firam ɗin, ina ɗiga mai ta ramin tsakiya safe da yamma.

1 ga Disamba

Hannun fedar Stronglight ne na alminiyam, ba kota, a kan aksul mai kusurwa huɗu yake zaune. Ana cire irinsa da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a cikin tiredin bakinsa, a murɗa ya turo shi waje. Wanda kowa ke da shi milimita 22 ne. Na tsohon Stronglight 23.35 ne, na TA kuma, wani kamfanin Faransan, 23 cif. Idan aka sa na 22 zai shiga a sake, da an matsa sai ya kwaso tiredin gaba ɗaya, daga nan sai guduma ko zarto. Tun kafin a kai nan ma akwai notin aksul mai kai 16, a cikin rami matsattse da soket na yau da kullum ba ya shiga. Na sayi soket mai araha aka goge masa baya a dutsen wuta har ya shige.

Sai wurin masu juyi. Na kai hannun fedar da murfinsa na kurom, wanda tiredinsa ɗaya da abin da nake so. Ogan ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Yallaɓai, wannan wane irin awo ne? Ko ashirin da uku ko da huɗu, ina aka samo da ɗigo uku da biyar?" Amma ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau: yana yanka kaɗan, ya gwada a hannun fedar, ya sake yanka, har ya shiga da yatsu ba girgiza. Hannayen biyu sun fito salin-alin.

Kof ɗin tsakiya na hagu ya kwantu. Na dama ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba. A keken Ingila tiredin kof ɗin dama juyin hagu ne, an yi haka don juyin boris ya riƙa ƙara ɗaure shi. Faransawa tiredin juyin dama suka yi wa duka biyun, don haka tuƙi yana neman kwance shi, maganin da suka samo shi ne su ɗaure shi tamau tun daga masana'anta. Wanda ya saba da Raleigh zai zo ya murɗa shi ta inda ya sani, yana ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Tunda ya shekara kusan hamsin a zaune bai motsa ba, na bar shi. Na wanke cikinsa da tsumma a kan sanda, na haska tocila: hanyar boris sumul, ba rami ko ɗaya. Sababbin ƙwayoyi na kwatan inci, 11 kowane gefe, da giris. A nan dai Faransa ta bi sauran duniya, ƙwayoyin boris da inci suke.

8 ga Disamba

Ƙarfen sirdi ya fito. Baba ya so a sa wuta na ƙi, saboda fenti, kuma saboda alminiyam ya fi ƙarfe kumbura idan ya ji zafi, sai ya ƙara matsewa. Abin da ya riƙe shi ba jar tsatsa ba ce, farin garin nan ne da alminiyam ke yi idan ya daɗe manne da ƙarfe ba giris. Muka yi akasin wuta. Da asuba, sanyin hunturu na kan ganiyarsa, na ɗaure ƙanƙara a jikinsa na ɗan lokaci, muka damƙe kansa a bais, mu biyu muka kama firam ɗin muna murɗawa. Ya yi wata ƙara, ya motsa kaɗan, sauran kuma haƙuri ne. An rubuta 26.4 a jikinsa. Bais ya ɗan cije shi a sama, magagari da samfefa sun gyara.

15 ga Disamba

Yau gardamar fenti muka sha. Baba yana ganin aikin banza nake yi in ban kai an kankare shi an fesa sabo ba. "Malam, wa zai sayi keke da tabo? Kai shi a fesa masa ja, a manna sitika, ya fito ango." A kasuwar da ya sani gaskiya ya faɗa. Amma sitikar Reynolds ɗin nan da rabinta ya goge ita ce shaidar keken. In aka kankare ta, aka kankare layin darar da rubutun Peugeot, abin da ya rage farin ƙarfe ne da kowa zai iya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Masu neman irin waɗannan kekuna sun fi son tsohon fenti da tabonsa a kan sabon da ba su san abin da ya rufe ba, ni ma haka.

Don haka wanka kawai ya sha: ruwan sabulu, sai man goge mota a hankali, ina kauce wa sitiku. Farin ya koma ruwan madara, ya yi masa kyau. Inda fenti ya ɓare har tsatsa ta kama, na kankare da bakin reza na ɗiga farin man farce. Kurom ɗin fok kuma takardar alminiyam ta naɗe abinci na dunƙule, ina tsomawa a ruwa ina gogawa. Ba ta kai kurom tauri ba, don haka ba ta karce shi. Ƙananan ɗigo sun rage, sai an matso ake ganinsu. Cikin sandunan na zuba mai na jujjuya, na bar shi ya tsane.

Sirdin na shafa masa man kaɗanya ɗan kaɗan ta ƙasa. Wani baduku ya gargaɗe ni kada in cika, fatar za ta saki ta zama kamar majajjawa. Notin da ke jan fatar a hancin sirdi ban taɓa shi ba.

29 ga Disamba

Feda. Ta hagun ƙirar Lyotard ce, an buga G a aksul ɗinta, alamar hagu da Faransanci, da 'yar'uwarta na nan da D za a gani, alamar dama. Wanda ya cusa baƙar robar a dama ya cinye farkon tiredin, ya kuma shigar da ita a karkace. Na aika wa wani ɗan'uwa a Maraɗi ya duba wurin tsofaffin masu gyara ko za a dace da Lyotard ta dama mai awon Faransa. Ya samo, amma ramin ya riga ya buɗe, tana shiga tana rawa.

Abin da ya rage shi ne a mayar da ramin awon Ingila. Wannan kam yana yiwuwa, tunda na Ingilan ya ɗan fi faɗi kuma tazarar tiredinsu kusan ɗaya ce. Baba ya tono abin yanka tiredin feda daga ƙasan akwatinsa, na dama da na hagu, tun na zamanin da ake haɗa Raleigh a nan Kano. Ya shigar da shi ta bayan hannun fedar, inda tiredin asali bai lalace ba, don ya bi miƙaƙƙiyar hanya. Tunda feda biyu-biyu ake sayarwa, sai aka yi wa na hagun ma. Wannan ne kaɗai wurin da na sauya wa keken halitta, kuma na rubuta shi don mai saye ya sani. Lyotard ɗin biyu na ajiye su a leda.

5 ga Janairu, 2025

Neman taya ya ci mini yini. Asalin wannan keke da tayar tsere ya fito, wadda ake ɗinke tif a cikinta a manna ta a rim da gam. Wani can a Turai ya riga ya sauya rim ɗin zuwa na alminiyam mai ɗaukar taya da tif, ya bar cibiyoyin asali. Allah ya saka masa. Girman ɗaya ne, 700C, wato milimita 622 daga baki zuwa baki.

A kasuwa kuwa in ka ce 700 sai a miƙo maka 27 ko 28 a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mai lamba 27 milimita 630 ce. Ta Raleigh da Phoenix, 28 x 1½, 635 ce. Sannan Turawa da kansu suna rubuta 28 a jikin tayar 622, wadda ta fi 27 ƙanƙanta. Wanda ya bi inci zai yi ta zarya. Lamba ɗaya ce abin dogaro, 'yar ƙaramar da ake bugawa a gefen taya, kamar 28-622: ta farko faɗi, ta biyu girman rim. Da ita na bi shago-shago har na samu biyu a wurin masu kayan Beljiyam, kusan sababbi, robarsu da laushi. Na zaɓi faɗin 28 saboda titunanmu, kuma ta wuce ƙarƙashin birki da sarari.

Tif ɗin mai siririn bawul ne, ramin rim ɗin ba ya ɗaukar mai kauri irin na babur. Masu faci ba su da bakin famfonsa, sai na sayi ɗan abin ɗaurawa na tagulla na bar shi a kan bawul ɗin baya.

12 ga Janairu

Firiwil Atom ne mai hawa biyar, 14 zuwa 24. Haƙoransa da sauransu, don haka ban cire shi ba. Na kwantar da ƙafar na riƙa ɗura kananzir ta tsagar ina juyawa, baƙin ruwa na fita, har ƙarar ta koma tsaf-tsaf, sannan na bi da mai. Sarƙa ta giya na saya, siririya, ba mai faɗin nan ta keken gida ba.

Macanjin giya Simplex ne. Kamfanin Lucien Juy ne na Dijon, kuma tun 1962 suka fara yin sassan jikinsa da wata roba mai suna Delrin, abin da ya sa ya yi sauƙi da araha. Roba dai roba ce, shekaru da rana suna gajiyar da ita, shi ya sa na duba maɗaurin na gaba da kyau kafin in ɗaura. Lafiyarsa ƙalau, na ɗaure shi daidai kima ban matse ba. Abokina ya ce in jefar da su in sa na kamfanin Shimano. Ko na so ba zai hau haka nan ba: kunnen firam ɗin da macanjin baya ke rataya na Simplex ne, rami ne ba tiredi, ta baya ake ɗaure shi, kuma ba shi da ɗan haƙorin da Shimano ke tokara. Sai an yanka tiredi an goge ƙarfe, a firam ɗin da ba abin da ya same shi. Na wanke, na sa mai, na sauya ƙananan tayoyinsa biyu. Yana aiki.

Birkin ne ya fi burge ni. Mafac Racer, na Clermont-Ferrand, mai ja ta tsakiya. Ana iya karkata robarsa ta kowace fuska, abin da yawancin birkin zamaninsa ba sa yi. Na zare tsofaffin robobin daga gidajensu na yanka sababbi na zura. Gidan a buɗe yake ta gefe ɗaya, kuma rufaffen gefen ne ke kallon gaba, in aka juya shi rim zai fizge robar ya jefar a birkin farko. An san Mafac da kuka. Maganinsa a sa gaban robar ya riga bayanta taɓa rim da kamar kaurin kati. Wayoyin na mayar yadda na same su, hagu gaba, dama baya, tsarin Faransa. Baba ya ce wannan ma juye yake.

26 ga Janairu

Na naɗe kan da farin ƙyallen auduga mai faɗin yatsa biyu da na samu wurin masu kayan ɗinki. Sikelin mai sayar da gas ya nuna kilo 11 da 'yan kai.

Bayan sallar asuba na hau hanyar Gwarzo, kafin manyan motoci su farka. Farantan gaba 52 da 42 ne. A babbar giya, 52 da 14, juyin feda ɗaya yana kai ni kusan mita 8. A ƙarama, 42 da 24, bai kai mita 4 ba. Keken Baba mai 46 da 18 yana tsakiyarsu, kuma ya kusa ninka wannan a nauyi. Sandunan canja giya a kan firam suke, sai ka saki hannu ɗaya ka sunkuya, kuma ba sa yin ƙas su tsaya a wuri, da kunne ake daidaitawa har sarƙa ta yi shiru. Kafin in wuce sabuwar jami'a hannuna ya gane.

Abin da ban zata ba shi ne laushinsa. Fok ɗin yana da lanƙwasa mai tsawo a ƙasa, ana ganinsa yana ɗan rawa a kan tsakuwa, girgizar ba ta isa wuyan hannu. Na saki kai ya tafi a miƙe. Inda yake jin jiki yashi ne, da na sauka gefen titi don ba tirela hanya sai tayar gaba ta nutse, dole na dire ƙafa. Birkin baya ya ɗan yi kuka da farko, ya daina.

2 ga Fabrairu

Na sa shi a kasuwa ta Facebook. Abin da na rubuta: Peugeot PR-10 na 1975, tsawon firam santimita 58, Reynolds 531 a manyan sanduna uku, fentin asali da tabonsa, rim ba na asali ba, tiredin feda an mayar na Ingila, sauran duk awon Faransa. Na sa hoton sitikar da na tabo mafi muni.

Abokina ya ce na karya wa kaina farashi, in rubuta PX-10 mana, wa zai gane a Kano? Wanda zai biya kuɗin PX-10 shi ne wanda ya san PX-10, kuma abin da zai fara dubawa ƙafar baya ce ya ga ko da kurom. Wanda bai sani ba kuwa, ko me na rubuta bai dame shi ba.

Saƙonni sun shigo, yawancinsu na masu tambayar ko Fijo na yin keke ne. Wani ya ce da wannan kuɗin zai sayi sabo dal mai giya 21 da birkin faranti. Zai samu kuwa. Wani daga waje ya nuna sha'awa, yana son na zuwa L'Eroica, hawan tsofaffin kekuna da ake yi a Italiya tun 1997, inda sharaɗin shi ne keke ya zama na 1987 ko kafin nan, da sandunan giya a kan firam da wayoyin birki a waje. Wannan ya cika sharaɗi. Da muka lissafa kuɗin aikawa sai ya zarce kuɗin keken, kuma irinsa ba wuya suke yi a can ba. Muka yi sallama.

16 ga Fabrairu

An sayar. Wani malamin makaranta ne, dogo, cikin masu fita hawan keke da safiyar Asabar. Ya zo da nasa ma'aunin, ya auna firam, ya kifa keken ya juya ƙafafu yana kallon tsakanin rim da birki, ya kama hannun feda ya girgiza. Ya hau ya zagaya unguwa, ya daɗe har na fara leƙen hanya. Da ya dawo ya nemi ragi saboda fedar, na rage masa kaɗan, don yana da hujja. In aka haɗa kuɗin saye da na kaya da na mai juyi, na fita da 'yar riba. In aka sa lokacina a lissafi, babu ita.

Na haɗa masa da ƙarfen cire hannun feda da soket ɗin da aka goge, tunda ba su da amfani a wurina kuma ba zai same su a kasuwa ba, da Lyotard ɗin biyu, da kwalin awon da ke bango. Na raka shi wurin Baba na gabatar da shi. Baba ya dube shi ya ce, "Malam, in ya samu matsala nan za ka kawo shi. In ba na nan, ka koma da shi gida ka jira ni."

23 ga Fabrairu

Malamin ya kira. Wayoyi biyu na ƙafar baya sun ɗan saki, Baba ya ɗaure ya daidaita rim, ya kuma duba kof ɗin dama, yana nan daram. Tambayarsa ɗaya: suna shirin zuwa wajen Tiga, yana son giya mai sauƙi saboda hawa, ko zai sayi firiwil mai 28 a kasuwa? Na ce kada ya kuskura, cibiyar awon Faransa ce, na kasuwa zai hau ya cinye tiredin alminiyam ɗin. Ko dai a samo tsohon Atom ko Maillard mai awon Faransa, ko a ɗinka masa wata ƙafar baya daban a ajiye wannan. Ya zaɓi na farko. Na tura wa ɗan'uwan nan na Maraɗi hoton firiwil ɗin da awonsa, ya ce zai zagaya ranar kasuwa.